Tatsuniyar da Na Yi da Rana Tsaka

Abin da zan faɗa muku ya soma ne shekara biyu bayan babbar ambaliyar nan da Binuwai ta haye gonakin Vinikilang ta kwana a ɗakunan mutane. Kakanku Malam ya riga ya rasu, bai ga ruwan ba, bai ga abin da ya biyo bayansa ba, kuma ina taya shi murna da haka. Shekarar ce Mubi ta watse, mutanenta suka shigo Jimeta da ƙafa, wasu da tukunya a kai babu abin dafawa. A lokacin Bobbo, ɗan babban ɗana, ya gama sakandare yana zaune a gidana na Bekaji yana jiran jami'a, ba shi da aiki sai kallon fim a kwamfuta. Na sa a rubuta wannan ne saboda magana biyu da nake ji suna yawo a dangi. Masu dariya suna cewa ni na ba Bobbo mugun da ke cikin fim ɗinsa, wanda ya hana 'ya'yan mutane barci. Masu raɗa kuma suna cewa na ba jikan ƙanena ruwa ya sha, sannan na miƙa shi. Duka biyun magana ɗaya ce, kuma tunda ina da rai, daga bakina za ku ji ta.

Ban yi boko ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba. Ubana Bafulatanin Yola ne, uwata Bakanuwa ce da fatauci ya kawo iyayenta Jimeta, a bakinta na ɗauki tatsuniya. Ku tambayi duk wanda ya tashi a layinmu, zai gaya muku in na buɗe baki bayan isha'i, matan maƙwabta barin wanke-wanke suke yi su zo su raɓe a bakin zaure wai sun zo kiran yaransu. Dodona ba irin na kowa ba ne. Ba na fito da shi gaba ɗaya. Sai kaji sun yi shiru, sai ruwan randa ya motsa, sai an jiyo waƙarsa daga bayan gari, sannan in nuna hannu ɗaya kawai ya leƙo ta saman danga. Sauran jikin kowane yaro shi yake ƙera abinsa a kansa, kuma wanda yaro ya ƙera da kansa ya fi nawa muni. Ina da dokoki biyu da na gada. Ta farko, duk tatsuniyar da aka buɗe sai an rufe ta da ƙurunƙus, don Dodo ya koma inda ya fito. Ta biyu, ba a yin ta da rana. Uwata ta ce mai yi da mai saurare duk ɓata suke yi, sai in an tsige gashin ido an ɗaure Gizo, ni kuwa ko da ɗaurin ban yarda ba. Babu jikan da bai sha mafici a ƙeya ba a kan wannan. Doka ta uku tawa ce ta kaina: a gidana ba a watsar da takalmi a bakin ƙofa, jerawa ake yi.

Mairamu 'yar ƙanena ce, ni na yi mata wankan jego na fari. Tana aure a Mubi, mijinta malamin makaranta ne. Ɗanta na fari, Hamidu, aka kawo mini shi riƙo tun bai iya ɗaure wando ba, ya zauna a hannuna har ya gama firamare, sannan ya koma Mubi wurin iyayensa. Ban taɓa riƙon yaro mai ladabinsa ba. Sauran sai na yi tsawa suke jera takalmi, shi kuwa zai haɗa su dunduniya da dunduniya, ya juya su suna kallon waje, sannan ya sa babban yatsa ya goge ƙurar da ke kansu. Wurin tatsuniya ba ya ɓuya a bayana kamar sauran. Zai tallafe haɓa da hannu ya zuba mini ido, in na ce ƙurunƙus, kowa ya sauke numfashi, shi sai ya ce:

"Dada, shi Dodo ba shi da uwa ne?"

"Tashi ka kwanta. Wa zai haifi Dodo?"

Kullum sai ya tambaya, kullum amsar da nake ba shi ke nan.

Da Mubi ta watse, Mairamu ta iso mini da ƙafa a kumbure da 'yarta Habiba, wadda ba ta fi shekara tara ba. Babu miji, babu Hamidu. Ta ce mutanen daji sun shigo gida sun tafi da mijin, Hamidu kuma tun kafin nan ya bar gida, ba ta san inda yake ba. Ban matsa mata ba, don a kwanakin nan ba a tambayar mutum sau biyu. Gidan ya cika da dangi da dangin dangi, har rumfar girki ana kwana. Habiba kuwa ba ta magana. Tana ci, tana aiki in an sa ta, amma ko tuntuɓe ta yi ba ta cewa wayyo.

Wata la'asar aka kawo wuta, na ji tsakar gida shiru, abin da ba a saba ba. Na leƙa ɗakin Bobbo na tarar da yaran duka a tsugune gaban kwamfuta. Fim ne na sararin samaniya, mutane a cikin kumbo suna tsalle daga wannan tauraro zuwa wancan. Ga wani ƙato da kai kamar tulun gilashi, hannuwa ko ta ina, yana magana ƙasa na rawa.

"Wannan kuma wane ne?" na ce.

"Bos ne, Dada, shi ne mugun. Ruwan duniyoyi yake shanyewa. In ya busar da wannan ya wuce ta gaba."

"To me ya sa suka nuna shi duka tun yanzu? Har tafin ƙafarsa na gani. Abin da aka ga tafin ƙafarsa ai ya gama ba da tsoro."

"Haba Dada. Ko inuwarsa aka zana a bango sai an gane shi. Ji kiɗan da ake sa masa kafin ya shigo."

"Kiɗan na yarda da shi. Wannan a wurinmu suka sata."

Bobbo ya yi dariya ya ce, "Kuma shi a ganinsa ba mugunta yake yi ba. Garinsu ne ya bushe, yana nema wa nasa ruwa."

Wannan ta taɓa ni, ko da yake ban nuna ba, don Dodona bai taɓa samun dalili ba, yunwa ce kawai. Ina tsaye ina neman abin da zan mayar masa, sai ƙaton ya ɗaga wani mutum ya matse. Yara suka rufe ido. Habiba ta ƙyalƙyale da dariya. Sautin farko ke nan da na ji daga bakinta tun zuwansu, kuma ya sa tsigar jikina ta tashi. Da dare na ce bari in gwada nawa. Na fito da Dodon da na fi ji da shi, na rera waƙarsa da muryar da ke sa manya waiwaye. Yara suka dunƙule a cinyata. Habiba ta yi hamma ta kwanta. Shekara da shekaru ina wannan abu, ban taɓa ganin yaron da Dodona ya ba shi hamma ba. Na ce a raina, me yarinyar nan ta gani da ya mayar da ni da Turawan Bobbo abin wasa?

Amsar tana bakin ƙofata ban lura ba. Tun zuwan baƙi takalma suka ƙi zama a jere. A jera da dare, da safe a tarar wannan a gindin randa, ɗan'uwansa a bayan murhu. Na zargi akuya, na zargi yaran maƙwabta. Wata safiya na gama alwala na kama Habiba tana bi ƙofa ƙofa tana watsa su da ƙafa, a hankali, kamar mai aikin da aka sa ta. Na riƙe hannunta.

"Ke ce ashe? A gidan nan jera takalmi ake yi."

Ta dube ni, ta ce da wata murya a shaƙe don rashin amfani, "Hamma ma jera nasa ya yi."

Hamma shi ne wa a bakinmu, kuma wa ɗaya take da shi. Na ja ta ɗaki na zaunar da ita. Ba ta yi kuka ba.

"Ya yi sallama. Ya cire takalmi ya goge. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya tambaye ta ciwon ƙafarta. Ya ce Baba ya fito ana son magana da shi a waje. Baba yana neman hularsa, Hamma ya ce ba sai ya sa hula ba." Sannan ta ƙara, "Ya ce zai dawo ya ɗauke ni."

Ruwan alwalar ya bushe a jikina ban yi sallar ba. Abin da ke yawo a kaina ba bindiga ba ne, ba wuƙa ba, ɗan yatsan nan ne yana goge ƙura. Ni na koya masa. Da rana ta yi na kira Mairamu bayan ɗaki.

"Goggo, yarinya ce, ba ta san abin da ta gani ba."

"Ke fa, kin san abin da kika gani?"

"Tilasta shi aka yi. Da bai shigo shi ba, da sun shigo su, da babu wanda ya fita da rai."

"Zai yiwu. Yarinyar fa? Me zai yi da ita?"

"Ɗana ne, Goggo," ta ce, ta juya ta tafi.

Ban gaya wa kowa ba sai Bobbo, don shi ne namijin gidan. Aka shiga bazara, yawancin baƙi suka koma ko suka kama haya, gida ya rage. Lokacin ne kuma aka shiga tura 'yan mata ƙanana cikin taro da abu ɗaure a jikinsu, har ta kai a bakin kasuwa sai an ɗaga wa mace hijabi an laluba. Duk wanda ya zauna a Jimeta a lokacin ya san abin da nake faɗa. Na hana Habiba ko leƙa zaure. Tana yini a ɗakin Bobbo suna kallon taurarinsu.

Ranar da abin ya faru, Mairamu ta fita tun safe zuwa inda ake raba wa 'yan gudun hijira hatsi, sauran yaran suna makaranta. Rana ta take tsaka, ina ƙarƙashin rumfa ina tsince shinkafa, sai na ji sallama daga zaure, a hankali, irin ta mai tarbiyya. Bakina ya amsa kafin kaina ya yi tunani, don sallama ba a riƙe ta. Ya shigo. Ya yi tsawo, ya rame, ya aske kansa tas, riga fara mai tsabta, da 'yar jaka a kafaɗa. Ya tsaya a bakin tabarmata ya cire takalmi, ya haɗa su dunduniya da dunduniya, ya juya su suna kallon waje, ya goge ƙurar da yatsa. Sannan ya durƙusa.

"Dada, mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Na miƙa hannu na ɗebo ruwa a randa na ba shi, don baƙon da aka amsa wa sallama ruwa ake fara ba shi, kuma hannuna ma bai tambaye ni ba. Ya sha, ya ce useko, godiyarmu ta Fulani, ya ajiye kofin.

"Na zo in ga Habiba ne. Na kawo mata tsaraba. Zan ɗan fita da ita in dawo da ita kafin la'asar."

"Ba ta nan."

Ya yi murmushi, ya nuna ƙofar Bobbo da haɓa. "Ga takalmanta can, Dada. Har yanzu ba ta koyi jerawa ba?"

In na yi ihu, ban san abin da ke cikin jakar ba, ban san wa ke jiransa a keke a waje ba. In na tashi, zai riga ni isa ƙofar. Bobbo yana ciki da ita, ƙofa a saye, fim yana ta ruri, bai san wa ya shigo ba. Ba ni da ƙarfi, ba ni da waya a kusa. Abu ɗaya nake da shi, shi ne wanda nake da shi tun ina yarinya.

"Bari su gama kallonsu. Zauna. Ka tuna tambayar da kake damuna da ita? Yau zan ba ka amsa."

Na cika ƙirji, na ɗaga murya yadda ban taɓa ɗagawa ba ko a taron suna, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ya dube ni, ya dubi rana. "Dada, da rana tsaka?"

"Ka amsa ko in fasa."

Ya gyara zama, ya ce, "Ta zo mu ji ta."

Daga baya Bobbo ya gaya mini cewa da ya jiyo kalmomin nan ta cikin ƙarar fim, nan take ya gane ba lafiya ba. Ya ce ya san ko dai Dada ta haukace, ko kuma mutuwa ta shigo gida. Ya leƙa ta gefen labule, bai ga fuska ba, takalman ya gani. Ya toshe wa Habiba baki, ya bar fim ɗin yana yi, ya fita da ita ta ƙofar baya wajen makewayi, ya ɗaga ta saman katanga. Maƙwabciyarmu Malama Saratu, 'yar Numan ce, tsohuwar malamar firamare, tana wanki a wancan gefen. Ba ta tambayi komai ba. Ta karɓe ta da hannu duk kumfa, ta tura ta ƙarƙashin gadonta, ta kira 'yan sintirin unguwa a waya.

Ni ban san ko ɗaya daga wannan ba. Ina zaune ina ƙera tatsuniyar da ban taɓa ji ba, ban kuma san inda za ta ba. Na ce wata mata ce a bakin kogi ta haifi ɗa kyakkyawa mai ladabi, sai dai ba ya ƙoshi. Ta ba shi nono ya ƙare, ta ba shi tuwonta, ta ba shi na maƙwabta. Yana ci yana cewa na gode, yana girma, har ƙofar ɗaki ta daina ɗaukarsa. Mutanen gari suka kore shi daji. Can wasu suka same shi suka ce, mu mun san abin da zai ƙosar da kai, garinku ne. Na ja ta, na sa waƙa, na maimaita waƙar, na sa uwar tana ajiye ƙwarya a bayan gari kowace magariba tana kiran sunan da ta raɗa masa, wanda kowa ya manta sai ita. Gumi yana zuba a bayana. Ina cikin waƙar ya katse ni.

"Dada, ba ki ɗaure Gizo ba."

"Ban ɗaure ba."

Ya juya ya daɗe yana kallon ƙofar Bobbo. Fim yana ta yi, ana ta harbe-harbe a sama, amma babu motsin mutum, babu tari, babu dariya. Ya gane. Na ga lokacin da ya gane, kuma ya ga na gani. Zaure a buɗe yake, takalmansa suna kallon waje, ni tsohuwa ce da faifan shinkafa a cinya. Ba abin da zai hana shi tashi, ba abin da zai hana shi yi mini abin da ya ga dama. Sai ya tallafe haɓa da hannu, kamar yadda yake yi yana ɗan shekara shida, ya ce:

"To, sai aka yi yaya?"

Wannan ita ce maganar da ta fi kowace razana ni a rayuwata, kuma har yau ban san me ya sa ya faɗe ta ba. Na ci gaba. Na kai inda Dodo ya iso ƙofar gari, uwarsa ta fito da ƙwarya a hannu, sai 'yan sintiri suka cika gidan ta zaure da ta katanga. Bai gudu ba, bai taɓa jakar ba. Suna ɗaure masa hannu ya waiwayo.

"Ba ki rufe ba, Dada."

Suka fita da shi ƙafa ba takalmi, suka miƙa shi ga sojoji. Da aka zazzage jakar a tsakar gida, kowa ya ja baya, amma ba komai a ciki sai sabon hijabi ƙarami, da alawa, da waya.

Mairamu ta dawo da buhu a kai. A bakin tabarma ta tsaya, don babu wanda ya iya taɓa takalman. Buhun ya zame ya fashe.

"Ni na gaya masa muna gidan nan," ta ce. "Ya kira ni ya ce ya gaji, yana son ya ga ƙanwarsa ya miƙa kansa. Goggo, kin ba shi ruwa?"

"Na ba shi."

"Ya sha?"

"Ya sha."

Ni kuma na tsaya ina kallonta kamar ban taɓa ganinta ba, don ashe duk kwanakin da nake tsaron zaure, ƙofar a cikin gidana take. Washegari ta haɗa kayanta za ta koma wurin dangin mijinta a Vinikilang. Ta miƙa wa Habiba hannu, yarinyar ta naɗe hannunta a zanina ta ƙi saki. Mairamu ta tafi ita kaɗai.

Ga abin da nake so ku riƙe, ku da kuke raɗa. Hijabi da alawa tsarabar wa ce ga ƙanwarsa. Hijabi da alawa kuma su ne kayan aikin da ake yi da 'ya'yan mutane a shekarar nan. Mairamu ta ɗauki na farko, tana da hakki, uwa ce. Ni ban san wanne ba ne, ranar ban sani ba, yau ma ban sani ba. Abin da na sani shi ne ya ce zai fita da ita, kuma ya taɓa ce wa ubansa ya fito ana magana. In aka mayar da ni ƙarƙashin rumfar nan, zan sake buɗe baki in ce ga ta nan. Abin da na biya kuwa na biya. Na rasa 'yar da na yi wa wankan jego, kuma tun ranar ban sake yin tatsuniya ba, don ba a buɗe sabuwa alhali wata tana buɗe.

Shekaru suka wuce, Bobbo ya gama jami'a ya ce shi fim zai yi, irin na taurari, da Hausa. Suka je kan yashin Binuwai da rani, inda ruwa ya janye, wai ita ce duniyar da ta bushe. Ya kawo mini hoton mugunsa in gani: ƙaho na bututun roba, ido ja kamar fitilar keke.

"Wannan ko akuyata ba zai kora ba," na ce.

"To ki gyara mini, tunda ke ce gwana."

"Cire ƙahon. Cire fuskar ma duka. Kada ya ɗaga murya ko sau ɗaya. Ya san sunan kowa, ya san ciwon da ke damun uwar kowa. Ka ba shi wata 'yar ɗabi'a mai kyau, irin wadda uwa ke koya wa ɗa, ya riƙa yin ta kafin ya yi abin da ya zo yi, don mai kallo in ya koma gida ya tarar da ita a ƙofar ɗakinsa. Ka sa wani a cikin kumbon ya zama shi ya raine shi. Kuma sau ɗaya, a inda zai iya kashewa, ya zauna ya ƙi, kada kuma ka faɗi dalili."

Bobbo ya ce ko zan ara masa takalman Hamidu. Na ce ya je kasuwa ya sayi nasa.

Ranar da aka nuna fim ɗin a wani zauren taro a Jimeta, aka zaunar da ni a gaba, Habiba a gefena. Samari suna ta shewa suna jiran bos ya fito da tsawa. Sai ƙofar kumbo ta buɗe, aka ji sallama a hankali, aka ga hannu ya ajiye takalma biyu a jere suna kallon waje. Zauren ya yi tsit. Wata mata a bayana, ban san ta ba, ta soma kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya a ƙasan maƙoshi. A nan na gane ba gidan Mairamu kaɗai aka yi wa sallama ba. Habiba ta kalla har ƙarshe ba ta saki hannuna ba. Da muka fito, Bobbo ya zo yana rawar jiki ya tambaye ta yaya ta gani.

"Ya yi, Hamma Bobbo," ta ce. "Amma ka manta bai goge ƙurar ba."

Cikin waɗanda suka ga ranar nan, Malama Saratu ta koma Numan ta rasu bara waccan, na je har can na yi wa 'ya'yanta gaisuwa. Bobbo yana nan, ya yi aure, yana ta taurarinsa. Habiba tana karatun jinya, in ta dawo hutu har yanzu a ɗakina take kwana, kuma ita kaɗai na yarda ta watsar da takalmi a gidan nan. Mairamu tana Vinikilang tana noman shinkafa. Muna haɗuwa a gidan rasuwa, ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, amma in na miƙa mata ruwa sai ta ce ta ƙoshi. Hamidu kuwa ban san inda zan sa shi ba, cikin masu rai ko cikin sauran, don tun ranar babu wanda ya kawo labarinsa. Takalmansa suna ƙarƙashin gadona, na juya su suna kallon ciki. Ƙarshen tatsuniyar na same shi tuntuni, na san abin da uwar ta ce a ƙofar gari. Ba zan sa a rubuta shi a nan ba, don wanda ya tambaya bai ji ba tukuna.